3.4 Haɗa Jeri Biyu Su Zama Tagwaye a Harshen Python

A sashen da ya gabata an yi bayanin jeri, wato tarin bayanai da aka tsara ɗaya bayan ɗaya. A nan kuma za a duba yadda ake haɗa jeri biyu, ta yadda kowane abu na jerin farko zai sami abokin tafiya daga jeri na biyu. Sakamakon wannan haɗi shi ne aka kira tagwaye a wannan bincike.

Umarnin da ke wannan aiki shi ne zip, wanda ya shigo harshen a shekarar 2000 tare da Python 2.0, ko da yake harshen Haskell ya riga shi amfani da sunan. An aro sunan ne daga zif ɗin tufafi, saboda yadda haƙoran gefe biyu suke shiga juna bi da bi. Ƙa'idarsa ita ce matsayi: na farko da na farko, na biyu da na biyu. Ba ruwansa da ma'anar abin da yake haɗawa, kuma da zarar gajeren jeri ya ƙare, sai ya tsaya ba tare da gargaɗi ba.

Alal misali, a ɗauka akwai ɗalibai huɗu masu lamba 101, 102, 103 da 104. Mai lamba 102 bai zauna jarrabawa ba, don haka maki uku kawai aka shigar: 62, 48 da 71. Idan aka haɗa, za a sami (101, 62), (102, 48) da (103, 71). Idan aka lura, wanda bai shiga ɗakin jarrabawa ba ya sami 48, mai 48 ya koma mai 71, shi kuwa mai lamba 104, wanda 71 ɗin nasa ne, ya ɓace gaba ɗaya. Duk da haka kwamfuta ba za ta nuna wani kuskure ba.

A shekarar 2021, Python 3.10 ya ƙara zaɓin strict=True, wanda yake dakatar da aiki da saƙon ValueError idan tsawon jerin biyu ya bambanta. Akwai kuma zip_longest a cikin itertools, mai cike giɓi da None. Sai dai a ƙarshen jeri yake cikewa, alhali giɓin misalin da aka kawo a tsakiya yake. Haka nan strict tsawo kawai yake aunawa; idan an tsallake maki ɗaya aka maimaita wani, zai wuce. Saboda haka, a ra'ayin mai wannan bincike, ya fi dacewa a sanya None a gurbin ɗalibin da bai zauna ba tun lokacin shigar da maki, sannan a yi haɗin tare da strict.