"SABAR TA FAƊI": CIWON DA KE CIN ƘWAƘWALWAR NA'URA A ƁOYE

Duk mutumin da ya taɓa bin layi a banki, ko wurin yankan kati a asibiti, ko ofishin rajistar ɗalibai a garin Bauci, da wuya a ce bai taɓa jin wannan magana daga bakin ma'aikacin da ke bayan kanta ba: "Sai dai a yi haƙuri, sabar ta faɗi." Tsohon da ya yi sammako daga Dass ko Alkaleri domin maganar fanshonsa sai ya nemi gindin bishiya ya zauna. Ɗan kasuwar Muda Lawal wanda ya riga ya ɗora buhunan masara a mota sai ya tsaya yana duban wayarsa, kuɗi sun fita daga hannun mai saye amma ba su iso nasa ba. Can bayan awa guda a ce sabar ta dawo, a ci gaba da aiki, ba wanda ya tambayi abin da ya kayar da ita tun farko.

Wannan magana ta ƙara yawa ne tun da harkokin jama'a suka koma cikin kwamfuta. An fara rajistar lambar BVN a bankuna cikin 1​4 ga watan Fabrairu 2014, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, sa'an nan a watan Disamba na 2020 aka ba da umurnin haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. A farkon 2023 kuwa, lokacin canjin takardun Naira, da tsabar kuɗi ta yi ƙaranci jama'a suka rufar wa hanyar tura kuɗi ta waya, har mai tumatir a kasuwar Wunti sai da ya san kalmar sabar.

Dalilan faɗuwar sabar suna da yawa. Akwai ɗaukewar wuta, akwai yankewar wayar sadarwa, akwai zafin watan Maris da Afrilu, akwai ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura. Waɗannan duka ido yana ganinsu. Amma akwai wani ciwo guda wanda ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, sai dai ya yi ta cin na'urar daga ciki har ranar da za ta durƙushe. Ma'aikatan kwamfuta suna kiransa yoyon ƙwaƙwalwa.

TEBUR DA KABAD

Domin a fahimci al'amarin, sai mai karatu ya tuna da akawun ofis na zamanin fayil. Akawu yana da kabad inda takardu ke kwana, yana kuma da tebur inda yake buɗe su ya yi aiki. Sabar da ke riƙe da rumbun bayanai ita ma haka take. Faifanta shi ne kabad, nan sunaye da lambobi da lissafin kuɗi ke zaune ko da an ɗauke wuta. Teburinta kuwa ita ce ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, mai saurin gaske amma mai ƙaramin fili, kuma da zarar wuta ta tafi sai ta share tas.

Ƙa'ida ita ce, duk lokacin da manhaja za ta yi wani aiki sai ta ari fili a kan teburin, in ta gama ta mayar. Yoyo yana faruwa ne in manhaja ta ari fili, ta gama aiki, ta manta ba ta mayar ba. Kamar mai tuwon da ke aika yaro da kwanuka zuwa rumfunan kasuwa ne, cikin kowane ɗari yaron ya manta ɗaya. Ran farko ba za ta lura ba, mako na farko ma haka. Wata rana kawai za ta ga tuwo a tukunya, ga masu saye, babu kwanon zubawa.

Alal misali, a ce wata makaranta tana da sabar mai gigabait 16. An ware wa rumbun bayanai 10, tsarin na'urar ya ɗauki 2, saura 4 na zirga-zirgar yau da kullum. A ce kuma akwai kuskure a manhajar da ke sa kowace buƙata ta bar kilobait 20 a baya. In ana samun buƙatu 10,000 a rana, megabait 200 ke nan suke salwanta kullum, watau cikin kwana 20 ragowar ta ƙare. In lokacin rajista ya zo, buƙatu suka kai 50,000 a rana, kwana 4 kacal ya isa. Shi ya sa ciwon yakan zaɓi ranar da aka fi bukatar na'urar.

Kafin ta faɗi takan nuna alamu. Da fili ya yi ƙaranci sai ta fara kwashe kayan tebur tana jibgawa a faifai, in ta bukace su ta sake ɗaukowa, shi kuwa faifai mai juyawa ya fi ƙwaƙwalwa nawa sau dubbai. A nan ne ma'aikaci zai danna maɓalli ya zauna yana kallon allo. In abin ya kai maƙura, tsarin Linux yana da wani ɗan doka na cikin gida wanda aikinsa shi ne ya kashe manhajar da ta fi kowa cin fili domin ya ceci sauran, kuma a irin wannan sabar rumbun bayanai ne ya fi kowa girma. A rumbun PostgreSQL, in aka kashe layi guda ta wannan hanya, sai uwar manhajar ta katse dukkan sauran layukan ta sake shiri. Abin da aka riga aka hatimce yakan tsira, domin akwai littafin ajiya da rumbun ke karantawa in ya farfaɗo, amma aikin da ke rabi sai a soke shi, mutumin da ke gaban kanta ya sake daga farko.

WUTAR DA KE RUFA ASIRI

Akwai wani abin ban mamaki da ya shafi garuruwa irin su Bauci. Kashe na'ura da kunna ta yana share teburin, yoyon ya koma sifili. To, ofishin da wuta ke ɗaukewa kowane kwana biyu, janareta kuma bai tashi a kan kari ba, ai kullum ana yi wa sabarsa wannan magani ba da saninsa ba. A lissafin da ya gabata, megabait 400 kaɗai za su taru kafin a share. Ranar da ofishin ya sami batir da hasken rana, na'ura ta yi mako uku ba ta huta ba, ranar ce ciwon zai fito fili. Daga nan sai a ɗora laifin a kan mai haɗa sola, alhali kuwa shi bai yi kome ba illa ya janye bargon da ke rufe da miki.

Kada kuma a ɗauka ciwon ƙananan ofisoshi ne kawai. Ran 22 ga watan Oktoba 2012, wani sashe na babbar cibiyar kamfanin Amazon da ke Jihar Bajiniya ta Amurka ya tsaya, shafuna irin su Reddit da Foursquare suka ɗauke. Bayanin da kamfanin ya fitar daga baya ya nuna cewa an canja wata na'ura mai tattara rahoto wadda ta lalace, amma sabon adireshinta bai isa ga dukkan sabobin ajiya ba. Wata 'yar ƙaramar manhaja da ke cikinsu ta yi ta neman tsohuwar na'urar, kowane nema kuma yana barin ɗan fili da ba a mayar ba, har ƙwaƙwalwarsu ta cika, abin ya shafi rumbunan bayanan abokan cinikinsu. Ƙararrawar gargaɗi ba ta buga a kan lokaci ba, domin waɗannan sabobi dama sun saba cika ƙwaƙwalwarsu da gangan. Abin lura shi ne, ɗan aike ne ya kayar da gidan.

BA KOWACE CIKA CE YOYO BA

Nan ne aikin bincike yake da wuya, nan ne kuma sabon ma'aikaci yakan yi kuskure. Rumbun bayanai an gina shi ne domin ya cika teburinsa, saboda duk fayil ɗin da ke kan tebur ba sai an tashi zuwa kabad ba. Littafin jagora na MySQL ma ya ce a sabar da ba ta da wani aiki ana ba wannan ajiya har kashi 80 cikin 100 na ƙwaƙwalwa. Manhajar SQL Server ta kamfanin Microsoft kuwa, in ba a yanka mata iyaka ba, za ta yi ta ci har sai ta kusa cinye abin da ke akwai. Saboda haka ganin ƙwaƙwalwa a cike ba hujja ba ce.

Hujja tana cikin tarihi. Gwanin aiki abin da yake fara yi shi ne ya sa a riƙa rubuta yawan filin da kowace manhaja ke riƙe da shi, awa bayan awa, har mako biyu ko uku, ya kuma zana shi a takarda. In layin ya hau sa'an nan ya miƙe ya daidaita kamar saman dutse, lafiya ce, ajiya ce ta cika ta tsaya inda aka ce ta tsaya. In yana tsalle da hantsi yana sauka da la'asar, cunkoso ne. Amma in yana hawa dare da rana, har ran Lahadi da ba kowa a ofis bai sauko ba, sai an kashe na'ura ya faɗo ƙasa ya sake kama hawa kamar haƙoran zarto, to, a nan ne ake zargin yoyo.

Cunkoso shi ne ya fi yawa, kuma sau tari da hannu ake jawo shi. Kowane layi da ya shiga rumbun yana da rabonsa na fili. A PostgreSQL rabon jera bayanai megabait 4 ne tun daga masana'anta. Wani ya karanta cewa ƙara shi yana sa sauri, sai ya mayar da shi 64, bai lura ba cewa rabon na kowane jeri ne a kowane layi. Layuka 200 in kowanne yana jeri biyu a lokaci guda, megabait 25,600 ke nan a na'urar da duk ƙarfinta gigabait 16 ne. Haka nan MySQL yana zuwa da iyakar layuka 151, sai a ga an ɗaga ta zuwa dubbai saboda an gaji da ƙorafi, alhali ainihin matsalar ita ce manhajar shafin tana buɗe layi ba ta rufewa.

In an tabbatar hawan ba ya tsayawa, tambaya ta gaba ita ce wane ne ke ci. Sau da yawa za a tarar ba rumbun ba ne, maƙwabcinsa ne: manhajar shafi, ko mai ɗaukar kwafi, ko mai tattara rahoto irin na Amazon. In kuwa rumbun ne, yana da littafin lissafinsa. Tun daga fitowa ta 5.7, MySQL yana iya nuna filin da kowane sashe nasa ya ara, PostgreSQL kuma ya sami irin wannan taga a fitowa ta 14 cikin 2021. Sai a gwada lissafin rumbun da na tsarin na'ura. In wani sashe guda ne ke kumbura, an kama ɓarawo, kuma galibi umurni ne da aka shirya ba a sallama ba, ko layin da ya yi makonni a buɗe. In rumbun ya ce gigabait 11 yake riƙe da su, tsarin na'ura ya ce 15, to ragowar 4 ɗin ko dai yoyo ne na ainihi, ko kuwa filin an mayar amma a gutsuttsure, kamar tabarmar masallaci da kowa ya bar ɗan taƙi tsakaninsa da na kusa, ga wuri amma ba ya ɗaukar mutum. Wannan na biyun akan magance shi da canja mai rabon fili zuwa irin su jemalloc.

Yoyo na ainihi a cikin rumbun kansa aikin waɗanda suka rubuta shi ne. Akwai kayan bincike irin su Valgrind masu bin sawun kowane aro, sai dai suna rage saurin manhaja ninki goma ko fiye, don haka a na'urar gwaji ake amfani da su, ba a wadda jama'a ke layi dominta ba. Kafin a kai nan ma, tambaya mafi araha ita ce: me aka canja a makon da hawan ya fara?

SAYEN ƘARFE

Abin da ya fi damun masu lura shi ne yadda akan bi da matsalar in ta taso. Shawarar farko da kan fito ita ce a sayi ƙarin ƙwaƙwalwa, domin saye yana da takardar kwangila, yana da ranar buɗewa, bincike kuwa ba shi da hoto. A misalin makarantar nan, in aka ninka sabar zuwa gigabait 32, ragowar ta zama 20, ranar faɗuwa ta tashi daga kwana 20 zuwa kwana 100. An sayi ƙarin kwana 80 ke nan, kuma in aka yi rashin sa'a kwana na ɗarin ya faɗo a makon biyan albashi.

Kashewa da kunnawa a kan tsari, da tsakar dare bayan an ɗauki kwafin bayanai, ba laifi ba ne matuƙar an san jinkiri ake nema kafin gyara. Laifin shi ne a yi shi ba tare da an rubuta sa'a da adadin da ƙwaƙwalwa ta kai ba, domin kunnawar tana share shaidar tare da ciwon.

Ma'aikatan da za su iya wannan aiki kuwa ba sai an ɗauko su daga Legas ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da ta Abubakar Tatari Ali, duk suna yaye ɗaliban ilmin kwamfuta a cikin garin nan. Abin da irin wannan ma'aikaci zai nema daga shugaban ofis bai taka kara ya karya ba: izinin duba littafin na'ura, da ƙaramar sabar gwaji, da mako uku na ɗaukar lissafi kafin a sa hannu a takardar saye.