Sana'ar Sāke Wa Ƙananan Motocin Ƙarfe Kama: Riba Da Haɗarinta

Ƙananan motocin ƙarfe da ake sayarwa a kantunan kayan wasan yara sun daɗe da zama hajar manya a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, inda ake tara su, ana kuma yin gwanjonsu. A gefen wannan kasuwa akwai wata sana'a da ba a cika jin labarinta ba, watau ta masu karɓar 'yar motar da masana'anta ta fitar, su wargaza ta, su sake mata fenti da ƙafafu da lamba, har ta zama tamkar wata takamaimiyar mota ta gaske. Mai kawo aikin yakan kasance mutumin da ke son adana siffar motarsa ta farko ko ta mahaifinsa, ko kuwa kamfanin sufuri mai son rarraba wa abokan hulɗa 'yar motar da ke ɗauke da sunansa.

Abin da ya haifar da sana'ar lissafi ne irin na masana'anta. Ana yin waɗannan motoci ne ta hanyar narka ƙarfe a ɗura shi da ƙarfi cikin mazubi. Ƙarfen gauraye ne da ake kira zamak, wanda akasarinsa tutiya ce, da alminiyam kimanin kashi 4 cikin 100. Shi kansa ba shi da tsada. Mazubin ne ke cin kuɗi, don haka tilas kamfani ya zuba dubban motoci iri ɗaya kafin ya mayar da abin da ya kashe. A kan wannan tsari aka kafa Dinky cikin 1934, da Matchbox cikin 1953, da Corgi cikin 1956, dukkansu a Birtaniya, sannan Hot Wheels na kamfanin Mattel a Amurka cikin 1968. Gasa ta yi tsanani har aka rufe masana'antar Dinky ta Liverpool cikin 1979, kamfanin Lesney mai yin Matchbox ya durƙushe cikin 1982, daga baya kuma sunan ya koma hannun Mattel cikin 1997. Masana'antar da ke cikin irin wannan gasa ba za ta tsaya yi wa mutum ɗaya mota ɗaya ba. Wannan giɓi shi ne abincin mai aikin hannu.

Alal misali, a ɗauki Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. Ta fito ne cikin 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna tun daga 1975 har zuwa 2006. Kamfanonin Norev da Solido na Faransa sun yi ƙananan samfurorinta, amma sun kwaikwayi motar da ke yawo a titunan Turai ne. Wanda ke son ganin wagon ɗin tasha mai kariya a bisa yakan nemi wanda zai sake masa ita.

Matakin farko shi ne zaɓen girma, kuma a nan ake fara maganar kuɗi. Tsawon 504 ya kusa mita huɗu da rabi. A ma'aunin 1:43, watau kashi ɗaya cikin 43 na girman motar gaske, tsawonta zai ɗan haura santimita 10. A ma'aunin 1:18 kuwa zai kai santimita 25. Babban ma'auni ya fi nuna kujeru da sitiyari da inji, amma kowane kuskure ma ya fi fitowa fili. Wajibi ne kuma a sami samfurin da ya dace da shekarar motar, domin kamfanoni kan canza fitilu da bamba ba tare da sun canza sunan mota ba. Hatta gefen da sitiyari yake abin dubawa ne: Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama cikin 1972, saboda haka samfurin da aka yi wa kasuwar Ingila ba zai dace da motar da aka harhaɗa a Kaduna ba.

Daga nan sai a huda kawunan ƙusoshin da suka manne gangar jiki da ƙasan motar, a ware gilashi da kujerun roba gefe guda, domin sinadarin da ke cire fenti yana cinye roba. Bayan an kankare tsohon fenti, an goge da samfefa mai laushi, sai a fesa fentin share fage mai kama ƙarfe, don tutiya ba ta riƙe fenti da kanta. Launin kuwa ba da ido ake zaɓensa ba. Kamfanonin motoci kan rubuta lambar launi a jikin motar, kuma da ita mai haɗa fenti zai haɗo irinsa. Sai dai motar da ta sha ranar shekara 20 ta riga ta koɗe, don haka akan tambayi mai aiki ko yana son ta yadda ta fito sabuwa ko yadda ya san ta. Da yawa sukan zaɓi na biyun, har da lotsawar ƙofa. Lamba da rubuce-rubucen jiki ana buga su ne a kan wata siririyar takarda da ake jiƙawa a liƙa, a rufe da fenti mai sheƙi, sannan a mayar da motar da ƙananan sukurori a gurbin ƙusoshin da aka huda.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne yadda daraja ke sauyawa. A wurin masu tarawa, tsohuwar mota ta fi tsada idan tana da fentinta na asali da kwalinta. Sun ma kasa hajar kashi uku: wadda masana'anta ta yi, da wadda wani ya gyara da izninta, da wadda aka gyara ba da izninta ba. Aikin da ake magana a kai yana rukuni na uku ne. Da zarar an cire fenti, darajar asali ta tafi ke nan, kuma sabuwar darajar tana wurin mutum ɗaya tak, watau mai motar da aka kwaikwaya. Idan ya fasa karɓa, da wuya wani ya biya kuɗin lambar motar da ba tasa ba. Shi ya sa mai hankali ke karɓar kafin alƙalami, yana kuma aiki da samfuri mai araha ko wanda ya riga ya ƙuje, ba wanda ake rububinsa a gwanjo ba. Haka kuma gwara a guji samfurori na da can, domin zamak ɗin da darma ta gurɓata yakan kumbura ya tsattsage, kuma ba shi da magani.

Har ila yau akwai batun haƙƙin mallaka. Suna da tambari da siffar mota na kamfaninta ne, masana'antun ƙananan motoci ma lasisi suke biya. Yi wa mutum guda ɗaya daban ne da fitar da ɗaruruwa ɗauke da tambarin wani a kai kasuwa.

Na'urorin da ke fitar da abu mai jiki daga zanen kwamfuta sun rage wahalar samun ƙafafu da madubai da kariya, waɗanda a da sai an ɓalle su daga wata motar. Su ma manyan kamfanoni sun hango sha'awar: cikin 2018 Mattel ya fara wata gasa inda ake zaɓen motar gaske da wani ya gyara da hannunsa, a yi mata mazubi, a fitar da ita a ma'aunin 1:64 a sayar a kantuna.