Suna a saman imel ba shaida ba ne

A wani shagon buga takardu da ke Yelwa na tarar da ɗan ƙanwata baki har kunne, wai wata hukumar tarayya ta ɗauke shi aiki. Ya miƙo min waya. Ga tambari, ga sunan hukuma ɓaro-ɓaro, ga umarnin ya tura kuɗin gwajin lafiya kafin Juma'a. Ashe har ya tura, kuma kuɗin bandar kifin da uwarsa ta sha hayaƙi ta tara ne.

Na sa yatsa na danna sunan, sai adireshin ya fito, ƙarshensa gmail.com. Na ce, "Kai da digirinka, wace hukumar tarayya ce za ta rubuto maka da Gmail?" Ya ce, "Kawu, ai sunansu na gani."

Suna! Tsarin da ake aika imel da shi tun 1982 bai tanadi tantance mai aikawa ba. Kamar ambulan ne, sunan da ka ga dama shi za ka rubuta a baya, har adireshin ma gwanayen damfara kan ƙirƙira. Shi ya sa aka fito da SPF, wato jerin kwamfutocin da aka yarje wa aika saƙo da sunan ma'aikata, da DKIM, hatimin da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba, da DMARC, mai faɗin yadda za a yi da saƙon da ya kasa tsallake su. Tun Fabrairun 2024 Google ya wajabta ukun nan ga masu aika wa Gmail saƙo 5,000 a rana.

Wannan aikin masu ma'aikatu ne. Naka danna sunan kawai, ko sisi ba ya ci. Karanta abin da ya biyo bayan alamar @ harafi-harafi, domin ɓarawo kan sauya ɗaya tak. Na gwamnati galibi da .gov.ng yake ƙarewa. In ka ga Gmail ya sa alamar tambaya a gurbin hoton mai aikawa, bai tantance shi ba ke nan.

Makarantu da ƙungiyoyinmu daga Ngaski zuwa Shanga ma da laifinsu, masu aika sanarwa da Gmail ɗin sakatare. Ku kuka saba wa jama'a da karɓar takardar ofis daga kowane adireshi, sannan ku dawo kuna mitar wasiƙunku na faɗawa kwandon shara.