Kishin ƙasa na haya a filayen wasannin Amurka

A 2024 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta ƙulla yarjejeniyar talla ta dala miliyan 11 da gasar ƙwallo ta UFL da tauraron fim Dwayne Johnson, da fatan samari za su yi tururuwa su shiga soja. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, kurata ba su ƙaru ba. Abin takaicin shi ne irin wannan ciniki ya daɗe, kuma ya riga ya gurɓata yadda Amurkawa ke kallon yaƙi.

Tushen lamarin, a ganina, yana 1973, shekarar da aka daina tilasta wa matasa shiga soja. Daga nan dole rundunar ta nemo masu sa kai, ta tallata kanta kamar kowace haja. Ina kuwa samari ke taruwa in ba filin wasa ba? Sai jiragen yaƙi suka riƙa keta sararin filin ana ƙarasa taken ƙasa, ana baza tutar da ta rufe filin baki ɗaya, ana fito da soja daga ɓoye ya rungume 'ya'yansa, 'yan kallo suna share hawaye. Mutane sun ɗauka ƙungiyoyi ne ke yi don girmamawa. A 2015 sanatoci John McCain da Jeff Flake suka fallasa cewa ma'aikatar tsaro ta biya dala miliyan 6.8 daga kuɗin haraji don irin waɗannan bukukuwa. Kunya ta sa hukumar gasar ƙwallon Amurka ta NFL ta mayar da sama da dala dubu 700.

Masu kare al'adar suna cewa an rera taken ƙasa a gasar besbol tun 1918, kuma alhinin harin 11 ga Satumba 2001 na gaske ne. Haka ne, kuma wanda ya sa ransa a haɗari ya cancanci tafi. Sai dai tafin ba ya tambayar dalilin tura shi Iraki.

Dubi ɗan wasan NFL Pat Tillman, wanda ya bar kwantiragin dala miliyan 3.6 da ƙungiyar Arizona Cardinals ya shiga soja a 2002. Ranar 22 ga Afrilu 2004 aka kashe shi a Afganistan. Rundunar ta ba shi lambar yabo, aka yi taron tunawa da shi a talabijin ana cewa abokan gaba ne suka harbe shi, alhali manyan hafsoshi sun riga sun samu labarin cewa harsashin 'yan uwansa sojoji ne. Sai bayan makonni aka faɗa wa iyayensa gaskiya. An fi buƙatar labarin jarumtar ɗan wasa fiye da haƙƙin mahaifiyarsa.

Da aka ɗaure tuta da kakin soja wuri guda, duk mai ƙorafi sai ya zama maci amana. A 2016 Colin Kaepernick, ɗan wasan ƙungiyar San Francisco 49ers, ya durƙusa lokacin taken ƙasa don nuna adawa da kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙen fata. Tsohon soja ne ma, Nate Boyer, ya ba shi shawarar durƙusawa maimakon zama. Duk da haka aka ce ya ci mutuncin sojoji, a 2017 shugaban ƙasa Donald Trump ya nemi a kori masu durƙuson, kuma tun ƙarshen kakar 2016 babu ƙungiyar NFL da ta sake ɗaukar Kaepernick.