Tamojin Goshi: Sababinsa da Hanyoyin Rage Shi

Daga cikin sassan fuskar ɗan Adam, babu wanda ke saurin bayyana abin da ke cikin zuciya, ko ya tona asirin shekarun da aka kwashe a duniya, kamar goshi. Domin kuwa shi ne ke ɗagawa idan an yi mamaki, shi ne ke tattarewa idan an shiga tunani ko ɓacin rai, har wata rana mutum ya dubi madubi ya tarar layukan nan da a da suke zuwa su wuce sun sami wurin zama. Wannan shi ne tamoji. Ko da yake magabatanmu ba su ɗauke shi komai ba face shaidar girma da ganin jiya da yau, zamanin da muke ciki, na ɗaukar hoto safe da yamma, ya sa mutane da yawa, maza da mata, suna tambayar ko akwai maganinsa. Amsa ita ce akwai hanyoyi, amma kowace tana da haddinta da haɗarinta, kuma wanda bai san sababin nasa tamojin ba, ba zai san wadda ta dace da shi ba.

A ƙarƙashin fatar goshi akwai wata tsoka mai faɗi wadda ta tashi daga gira ta nufi tsakar ka, kuma ita kaɗai Allah ya ɗora wa aikin ɗaga gira; duk sa'ad da ta ja, sai fatar da ke bisanta ta ninke, layuka su fito a kwance. Akwai kuma wasu ƙananan tsokoki a tsakanin girare biyu, waɗanda ke jawo su ciki da ƙasa idan mutum ya haɗe rai, su ne ke haifar da layukan tsaye a saman hanci. Muddin mutum yana cikin ƙuruciya, fata takan koma yadda take da zarar tsoka ta saki, saboda tana cike da wasu zarurruka biyu, kolajin mai ba ta ƙarfi da ilastin mai ba ta talewa. Amma da zarar an manyanta, masana sun ƙiyasta cewa kolajin yakan ragu da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara, raguwar kuma takan tsananta ga mata a shekarun farko bayan yankewar haila, sa'an nan zafin rana da shan taba su ƙara gaggauta ɓarnar.

Daga nan ne likitocin fata suka raba tamoji gida biyu: wanda ba ya fitowa sai an motsa fuska, da wanda ya zauna daram ko mutum yana barci. Misalinsu kamar rigar shadda ce: idan an ninke ta na ɗan lokaci, karkaɗewa kawai ta isa ta miƙar da ita, amma idan ta shekara a ninke cikin adaka, karin ya riga ya kama zaren. Tamoji mai zurfi yawanci ya haɗa duka biyun, shi ya sa da wuya hanya guda ta wadatar da shi.

Mu masu baƙar fata an yi mana wata baiwa a wannan babi, domin sinadarin melanin da ya ba mu launinmu yana tare wani kaso na hasken rana mai lahani, har ya zama tamoji yakan jinkirta mana da shekaru masu yawa idan aka kwatanta da Turawa. Abin takaici, wannan garkuwa ce masu bilicin suke rushewa da hannunsu. Mayukan nan da ake cakuɗa su da sinadarin sitiroyid da haidurokwinon, wani lokaci har da zaiba, suna sirantar da fata suna kuma tsiraita ta a gaban rana, ta yadda mai neman kyau ke gayyato tsufan fuska tun kafin lokacinsa. Girman wannan musiba ne ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar al'umma a shekarar 2023. Saboda haka matakin farko, wanda ya fi kowanne araha, shi ne barin waɗannan mayuka, da barin taba, da kare fuska da malafa ko laima ko man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka, da kuma shafa mai kamar man kaɗanya, musamman da hunturu, domin busasshiyar fata ta fi nuna layi.

A cikin magungunan shafawa kuwa, wanda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne tiretinoyin, dangin bitamin A, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 1971 don maganin kurajen fuska, daga bisani a 1995 aka amince da wani nau'insa don ƙananan layuka. Yana zaburar da fata ta saƙa sabon kolajin, amma sai an yi haƙurin wata uku zuwa shida, yakan kawo raɗaɗi da saɓar fata a farko, kuma ba a ba mai juna biyu. Gaskiyar da mai sayarwa ba kasafai yake faɗi ba ita ce, babu wani mai, komai tsadarsa, da ke shafe tamoji mai zurfi. Iyakarsa ya tausasa shi.

Hanyar da ta fi shahara a duniya ita ce allurar nan da aka fi sani da Botox, wadda tarihinta abin lura ne, domin asalinta guba ce. Wani likitan Jamus, Justinus Kerner, shi ya fara bayyana cutar shanyewar jiki da ke kama waɗanda suka ci gurɓataccen nama wajen 1820, sa'an nan a ƙarshen wancan ƙarni wani malami a Beljiyam, Emile van Ermengem, ya gano ƙwayar cutar da ke fitar da gubar. Bayan shekaru masu yawa, likitan ido Alan Scott na birnin San Faransisko ya nuna cewa ɗan mitsitsin abu daga cikinta, idan an tace shi, yana iya sassauta tsokar ido ga masu harara-garke, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da haka a 1989. A birnin Bankuba na ƙasar Kanada ne likitar ido Jean Carruthers da mijinta Alastair, likitan fata, suka lura a 1987 cewa layukan tsakanin gira suna ɓacewa ga waɗanda aka yi wa allurar don ciwon ƙiftawar ido. Hukumar nan ta Amurka ta amince da ita don layukan tsakanin gira a 2002, don layukan goshi kuwa sai a 2017.

Aikinta shi ne ta tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai tsokar ta huta, fatar da ke kanta ta daina ninkewa. Akan fara ganin sauyi cikin 'yan kwanaki, ya cika bayan mako biyu, sa'an nan ya gushe bayan wata uku zuwa huɗu, alabashi a sake, a kuma sake biya. Tana da ƙarfi ƙwarai a kan tamojin motsi, amma wanda ya riga ya zauna sai dai ta rage shi sannu a hankali. Kuma tun da tsokar goshi ita kaɗai ke ɗaga gira, idan aka wuce ƙima sai gira ta faɗo, ido ya yi nauyi, fuska ta zama ba ta nuna farin ciki ko juyayi. Hasali ma akwai waɗanda tamojinsu ya samo asali ne daga saukowar fatar ido ko raunin gani, suna ta ɗaga gira ba da saninsu ba don su gani sosai. Irin waɗannan, likitan ido da tabarau suke bukata, allura kuwa sai ta ƙara musu wahala. Ba a yin ta ga mai ciki ko mai shayarwa ko mai cutar raunin tsoka. Jabunta kuma yana yawo, har a Amurka an kwantar da mutane a asibiti a 2024 sakamakon allurar jabu ko wadda marasa izini suka yi.

Idan layi ya yi rami, wasu likitoci sukan koma ga allurar ciko, wato wani abu mai kauri da aka fi yi da sinadarin hayaluronik, wanda jiki ma yana da irinsa, kamar Restylane da Juvederm. Ana zuba shi a ƙarƙashin ramin don ya taso, yakan ɗauki wata shida zuwa fiye da shekara, kuma akwai maganin da ke narkar da shi idan an yi kuskure. Sai dai goshi da tsakanin gira suna cikin wurare mafi haɗari a fuska, domin jijiyoyin jinin wurin suna haɗe da na ido. Idan cikon ya shiga ɗaya daga cikinsu, fata tana iya mutuwa, mutum kuma yana iya makancewa nan take, makantar da sau da yawa ba ta da gyara. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa bai kamata kowa ya miƙa goshinsa ga mai shagon kwalliya ba.

Akwai kuma hanyoyin sabunta saman fata, ko da hasken leza, ko da ruwan asid mai saɓe ta, ko da ƙananan allurai masu tsattsaga ta don ta saƙa sabon kolajin. A nan ne baƙar fata ke bukatar taka-tsantsan na musamman, domin duk abin da ya ƙona ta yakan bar baƙin tabo mai daɗewa, ko ya kashe launin wurin baki ɗaya. Ƙananan allurai sun fi sauƙin haɗari a gare mu, ko da yake sai an maimaita su sau da yawa kuma amfaninsu matsakaici ne. Daga ƙarshe akwai tiyatar ɗaga goshi, wadda a da akan yanka daga kunne zuwa kunne ta cikin gashi, amma tun shekarun 1990 akan yi ta da 'yan ƙananan ɓuli da na'ura mai kyamara. Tana daɗewa shekaru, sai dai tana tattare da haɗarin maganin sa barci, da mutuwar ji a fatar kai, da tabo mai tudu wanda ya fi yawa ga baƙar fata.

Musulmi kuwa ba zai tsaya ga tambayar likita kaɗai ba, sai ya san hukuncin mas'alar. Fuƙaha'u sun bambanta tsakanin kawar da aibi, kamar tabon ƙuna ko na hatsari, wanda suka halatta, da neman ƙarin kyau ta hanyar canza halitta, wanda aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi a kansa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na ƙasar Malesiya a 2007, ta tafi a kan cewa kawar da tamoji ta tiyata ko allura bai halatta ba, sai idan ya kasance na cuta ne kuma an aminta daga cutarwa. Wasu malamai sun sassauta game da abin da ba ya dawwama, da sharaɗin babu lahani, babu almubazzaranci, babu kuma yaudarar mai neman aure. Tun da akwai saɓani, wajibi ne mutum ya kai halinsa gaban malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Bilhasali, tamoji ba cuta ba ne, kuma babu wata hanya daga cikin waɗannan da ke tsayar da shekaru. Ya kai mai karatu, idan ka ga ba makawa sai ka nemi gyara, to ka fara da kiyaye fatarka, ka je wurin likitan fata mai rajista, ka nemi ganin kwalbar magani da lambar rajistarta kafin a taɓa ka, ka tambayi abin da za a yi idan an sami matsala. Kada arha ko kunyar tambaya su sa ka sayar da lafiyar idonka saboda layi uku a goshi.