Muryar Jama'a a Gyaran Makarantun Gwamnati: Misali daga Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta bayyana hanyoyin da jama'a ke bi su sa baki a sha'anin makarantun gwamnati a ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram na masarautar Dutse, da kuma inda hanyoyin nan suke cijewa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Birnin Kudu sun haura 300,000, na Gwaram kuwa sun haura 270,000, galibinsu manoma da makiyaya mazauna karkara. Makarantar gwamnati ita ce kaɗai bokon da yawancin 'ya'yansu za su samu. In ta lalace, ba su da wata madafa.

Asalin Matsalar

A zamanin En'e, makarantar boko kayan hukuma ce. Hakimi ya ba da umarni, dagaci ya zaɓo yara, uba kuwa ba a tambayarsa. Da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976, makarantu suka bazu cikin ƙauyuka, amma tunanin nan bai kau ba: gwamnati ta gina, gwamnati ta gyara. Shi ya sa iska kan yaye rufin aji, a yi damina biyu ana kallonsa, alhali kuwa masallacin da ke kusa da shi ba zai kwana uku a buɗe ba. Jama'a ɗaya ce, bambancin dai shi ne masallaci nasu ne, makaranta kuwa sun ɗauke ta ta wasu.

Hanyoyin Sa Baki

Hanya ta farko ita ce Ƙungiyar Iyaye da Malamai. Ta daɗe, ta kuma yi aiki, sai dai a wurare da yawa taronta ya zama na karɓar kuɗi, har talaka ya riƙa gudunsa.

Ta biyu ita ce ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gama a 1978, tana da irin wannan ƙungiya, kuma muryarta na isa inda ake so. Amma fa firamaren ƙauye da ke bakin iyakar Gwaram da Jihar Bauci ba ta da attajirai ko manyan ma'aikata da za su yi mata magana.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, ita ce Kwamitin Kula da Makaranta. Bayan an kafa dokar ilmin bai ɗaya a 2004, Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta sami irin wannan kwamiti. A Jigawa ya sami ƙarfi ne ta hannun shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, watau Jigawa, Kano, Kaduna, Kwara, Legas da Inugu. A tsarin kwamitin akwai mai gari ko wakilinsa, da malamin addini, da hedimasta, da wakilan malamai, da na iyaye, da na mata, da na masu sana'a, har da ɗalibai biyu, namiji da mace. Aikinsa shi ne ya duba zuwan yara da na malamai, ya tsara bukatun makaranta bisa muhimmancinsu, ya yi abin da gari zai iya da aikin gayya, saura kuwa ya miƙa wa Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya kai wa hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha a Dutse.

Hikimar tsarin a fili take, don kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'in da ke Dutse yana ganin adadin yara a takarda. Mutanen gari ne suka san ajin da kan watse ranar kasuwa, da watan da ake kwashe yara zuwa gona, da rafin da kan raba unguwa da makaranta in ruwa ya sauka, da lokacin da makiyaya kan tashi.

Inda Gizo ke Saƙa

Na farko, kwamiti yana da baki amma ba shi da hannu. Ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke yi masa canjin wuri ba. In ya kai ƙarar malamin da ba ya zuwa sau uku, bai ji amsa ba, to, a karo na huɗu ba wanda zai halarci taro.

Na biyu, al'adarmu ta girmama na gaba, ga kyaunta duka, tana rufe wasu bakuna. Yaro ba zai ce malam ba ya shiga aji ba a gaban mai gari. Mace ma da wuya ta yi magana a zaure cike da maza, ga shi kuwa uwa ce ta fi kowa sanin dalilin da ya sa 'yarta ta ajiye littafi ta ɗauki farantin talla. Don haka ne aka ɓullo da ƙananan kwamitoci na mata da na yara, su tattauna a keɓe kafin babban taro.

Na uku, wanda ya shafe mu masu nazarin Hausa, shi ne harshe. Muddin takardun tsare-tsare da na kuɗi suna cikin Ingilishi, hedimasta kaɗai zai karanta, saura su sa hannu. Kamata ya yi a rubuta su da Hausa, da boko da ajami, a karanta su a bainar jama'a, a kuma fassara wa Fulani da Fulatanci.

Kammalawa

Mafi yawan maganar jama'a kan tsaya ne ga gini da benci, domin su ido ke gani. Amma tambayar da ta fi kowacce ita ce: yaron da ya gama aji uku, zai iya karanta wa kakarsa wasiƙa da Hausa? Wannan awo ne da kowane uba zai iya yi a gida, ko da bai taɓa shiga aji ba. Ranar da iyaye a Birnin Kudu da Gwaram suka soma zuwa taro da amsar wannan tambaya, hukuma kuma ta ɗauki al'adar mayar musu da jawabi a rubuce, ranar ce gyara zai kankama.