Daga Nasarawar Burkullu zuwa Gusau: Wa ke kare wanda ake zargi a hannun 'yan sanda?

A garuruwan da ke kan hanyar Anka zuwa Gummi, babu kalmar da ta kai "infoma" saurin hallaka mutum. Da zarar an ce wane yana kai wa 'yan bindiga labari, ko man fetur, ko burodi, to shi ke nan, mutane ƙalilan ne za su tsaya tambayar hujja.

Ba a rasa dalilin wannan zafin zuciya ba. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun afka wa ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda mazauna yankin suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin Zamfara kuma ta ce 58 ne. Mutumin Nasarawar Burkullu da ya binne ɗan'uwansa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, da wuya ya ji tausayin wanda aka kama, ko da ya ji ihunsa daga bayan kanta.

Sai dai ba kowane wanda aka kama ne mai laifi ba, kuma sanda ba ta tantance mai gaskiya da maƙaryaci.

Abin da ya faru a Kano da Bauchi

A Fabrairun 2020 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC Africa Eye ya fitar da rahoto kan wani salon azabtarwa da ake kira tabay. Ana ɗaure hannayen mutum ta baya a gwiwar hannu, a tamke har jini ya daina gudana, wani lokaci a rataye shi, a ɗora masa nauyi a gadon baya. Wanda ya daɗe a haka kan iya rasa amfanin hannayensa. Rahoton ya kawo labarin wani matashi da ya mutu a 2014 bayan azabtarwa a hannun rundunar SARS a Kano. A cewar binciken, kotu ta ɗora alhaki a kan wani babban jami'i, amma hakan bai hana shi samun ƙarin matsayi ba.

A Oktoban 2020 kuma, matasan unguwar Ƙofar Mata a Kano sun fito zanga-zanga kan mutuwar wani saurayi da suka ce 'yan sanda ne suka lakaɗa wa duka.

Na Bauchi ya fi tayar da hankali, saboda ƙanƙantar abin da ake zargi. A Yulin 2020 aka kama wasu mutum uku kan zargin satar kaji, aka azabtar da su a ofishin 'yan sanda, biyu suka mutu, ɗaya ya tsira da raunuka. Babbar Kotun Tarayya da ke Bauchi ta yanke hukuncin biyan diyyar naira miliyan 210. Kaji fa, ba fashi ba, ba garkuwa da mutane ba.

Ƙungiyar Amnesty International ta daɗe tana tattara irin waɗannan. A rahotonta na 2014 ta ce wasu ofisoshin 'yan sanda har suna da jami'in da aka sani da aikin azabtarwa, ana masa laƙabi da shi. A Yunin 2020 ta ce ta tabbatar da aƙalla mutum 82 da SARS ta azabtar, ko ta wulaƙanta, ko ta kashe ba bisa ƙa'ida ba, tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020. Da Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rusa rundunar ranar 11 ga Oktoba, 2020, gwamnonin Arewa sun nuna ba su goyi bayan rusawar ba, suna cewa tana da amfani wajen yaƙi da 'yan bindiga. Mutane da yawa a Zamfara ra'ayinsu ke nan har yau.

Dokar tana nan a takarda

Matsalar ba rashin doka ba ce. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci. Sashe na 35 ya ce a gurfanar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko wani lokacin da kotu ta ga ya dace.

A Disamban 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar hana azabtarwa. Ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, kuma idan wanda aka azabtar ya mutu, tuhumar kisan kai ce. Ta ce yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba uzuri ba ne, haka nan cewa "oga ne ya sa ni". Ta kuma ba wanda ake tsare da shi damar ganin likitan da ya zaɓa.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da nata. Ta hana kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, abin da har yanzu ake kuka da shi. Ta ce kowane babban ofishin yanki ya samu ɗan sanda mai shaidar lauya da zai riƙa sa ido kan haƙƙin ɗan'adam, kuma alƙalin majistare ya riƙa leƙa wuraren tsare mutane duk wata. Dokar shaida ta 2011 kuwa ta ce ikirarin da aka samu ta hanyar matsi kotu ba za ta karɓe shi ba. Mafi yawan malaman fiƙihu ma a kan haka suke: furucin wanda aka tilasta ba hujja ba ne.

To me ya sa ba a daina ba?

Amsar farko ita ce hanyar bincike. Ɗan sandan da ba shi da kayan ɗaukar zanen yatsa, ba shi da man mota, kuma ba zai iya shiga dajin da aka yi laifin ba, abu ɗaya ya rage masa, wato bakin wanda ke gabansa. Ikirari ya zama shi ne binciken gaba ɗaya. Ga matsin lamba daga sama a nuna an yi kamu, ga jama'a a ƙofar ofis suna jiran a hukunta wani.

Sannan akwai nisa. Manyan laifuka irin su fashi da garkuwa da mutane ana mayar da su sashen binciken manyan laifuka a Gusau. Talakan Nasarawar Burkullu da aka tafi da ɗansa can sai ya nemi kuɗin mota, ya bi hanyar da kanta abin tsoro ce, ya isa garin da bai san lauya ko ɗaya ba. Takardar da aka sa ɗan ya dangwala wa yatsa da Turanci aka rubuta ta. Kafin wani ya gan shi, raunin ya fara warkewa, sai maganarsa da ta jami'i a gaban alƙali. Daga nan sai gidan yari, inda kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin Najeriya jiran shari'a suke yi.

Ga kuma kuɗi. An rubuta a bangon ofisoshi cewa beli kyauta ne, amma kowa ya san uban da ya ji ana dukan ɗansa ba ya ciniki.

Wani abin da masu goyon bayan dukan ba su cika lura da shi ba shi ne, wanda ake azabtarwa zai faɗi duk sunan da ya zo bakinsa don a sassauta igiya. Sai a kamo maƙwabcinsa, shi ma ya ambaci wani. Ainihin infoman yana shan shayinsa a kasuwa. A yankin da cin zarafi da kisan ba gaira ba dalili, musamman na 'yan sa-kai a kan Fulani, suka taimaka wajen rura wutar rikicin, kowane marar laifi da aka nakasa wata sabuwar gaba ce aka shuka. Wannan ya shafi Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, domin dokar 2017 ba 'yan sanda kaɗai ta hana ba.

Ga iyalin da abin ya shafa, lokaci ne ya fi komai muhimmanci. A rubuta ranar kamu, da ofishin da aka kai shi, da sunan jami'in da ke riƙe da binciken. A nemi likita ya duba raunin ya rubuta rahoto, a ɗauki hoto tun bai warke ba. Wanda ake tuhuma ya shaida wa alƙali tun lokacin da aka gabatar da takardar ikirarin cewa tilasta shi aka yi, domin a lokacin ne kotu ke tsayawa ta binciki yadda aka same ta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a duk suna da ofis a Gusau, kuma ba a biyan kuɗi kafin a shigar da ƙorafi.